Ambaliyar gida ko girgizar ƙasar Turkiyya: da wane rubutu za ka koyar da karatun Turanci?

Zangon farko na shekarar karatu yakan faɗo a watan Satumba, daidai lokacin da Gulbin Rima da Kogin Kwara suke cika suna batsewa. Malamin Turanci da ke Argungu ko Bunza ko Yawuri ba sai an gaya masa abin da yaran ajinsa ke hira a kai ba: inda ruwa ya kai a fadama, gidan wa ya zube, ƙauyen da yanzu sai da kwalekwale ake shigarsa. Shi ya sa malamai da dama suke son gina darussan karatu na mako huɗu ko shida a kan ambaliya, fari, guguwa da girgizar ƙasa. Jigon kuwa ya dace da aikin. Labarin bala'i yana da farko da tsakiya da ƙarshe, yana da dalili da sakamako, ga alƙaluma, ga umarni irin na "yi kaza, kada ka yi kaza". Duk abin da ake so yaro ya iya tsamowa daga rubutu yana ciki.

Inda malami kan tsaya yana wasi-wasi shi ne rubutun da zai ɗora a gaban yaran. Hanyoyi huɗu ne a hannunsa: littafin aji, rubutun da ake saukowa da shi daga intanet, rahoton jarida da sanarwar hukumomi, sai kuma rubutun da shi da yaran za su haɗa da kansu. Da malamin aji biyar da shida na firamare da na ƙaramar sakandare nake magana, mai yara sittin zuwa tamanin a gabansa, wanda in ya ce a yi kwafi daga aljihunsa kuɗin zai fito.

Abin da za a auna kowace hanya da shi

Ma'auni na farko, wanda ya danne sauran, shi ne yawan kalmomin da yaro ya riga ya sani a cikin rubutun. Masu binciken koyon harshe, irin su Paul Nation na ƙasar New Zealand, sun nuna cewa sai mai karatu ya san kusan kalma 98 cikin kowace 100 kafin ya fahimci rubutu shi kaɗai ba tare da an riƙe masa hannu ba. In da malami a gefe, ana iya sassautawa zuwa wajen 95. Lissafa ka gani: a rubutu mai kalma 200, baƙin kalmomi goma sun isa su cika darasi guda. In sun kai talatin, karatu ya tashi, an koma fassara, kuma malamin ne kaɗai zai yi gumi. Gwajin ba wuya. Ɗauki yaro mai matsakaicin ƙoƙari, kada ka ɗauki na ɗaya a aji, ka ba shi sakin layi guda ya karanta a bayyane, duk inda ya ci tuntuɓe ka lanƙwasa yatsa. In yatsun hannu ɗaya suka ƙare bai kai ƙarshen sakin layin ba, rubutun ya fi ƙarfin ajin.

Na biyu shi ne abin da yaron ya sani game da al'amarin kansa. Ɗan Jega ya san yadda ruwa ke shiga gona, ya san warin shinkafar da ta kwana uku a ruwa. Idan ya gamu da labarin ambaliya cikin Turanci, kaya ɗaya ne a kansa, wato harshen. Idan labarin dutse mai aman wuta ne, kayan sun zama biyu: sai ya fahimci abin, sannan ya fahimci harshen da aka faɗe shi.

Sauran ma'aunan na yau da kullum ne. Nawa za a kashe a kan kowane yaro? Kayan zai tsallake damina da gara da rufin da ke yoyo ya kai baɗi? Dare nawa malami zai hana idonsa barci yana shiri? Rubutun ya yi kama da wanda yaro zai tarar a jarrabawar BECE ta ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare, daga baya kuma WAEC da NECO? Sai haɗari, kuma kala biyu ne. Akwai haɗarin cusa wa yara gurɓataccen Turanci ko labarin ƙarya, akwai kuma haɗarin fama wa yaro miki, domin a wannan jigon wani a cikin ajin ba labari aka ba shi ba, a kansa abin ya faru.

Kafin duk wannan, ka tabbata yaran suna iya haɗa baƙi su fitar da kalma. Idan rabin ajin ba sa iya karanta jimlar Hausa mai kalma biyar, babu jigon da zai cece su, sai an koma kan sautukan haruffa. Tunanin da ke bayan shirin RANA ke nan, wanda aka gudanar a makarantun Zamfara da Katsina, inda aka fara da karatun Hausa a ƙananan azuzuwa. Yaron da ya iya karatu da harshensa ya riga ya ci rabin tafiya.

Littafin aji

Shi ne mafi sauƙi, shi ne kuma wanda babu mai tuhumarka a kansa. Jami'in duba makarantu ya shigo, ka nuna masa shafi, magana ta ƙare. Turancinsa an tace shi, tambayoyinsa kuma zubin na jarrabawa ne. In makaranta ta samu rabon littattafai daga SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, ko ma'aikatar ilimi, ba ka kashe ko kwabo ba, kuma littafin da aka yi wa bango da takardar buhun siminti yakan yi shekaru yana aiki.

Matsalarsa biyu. Da wuya ka samu fiye da labari ɗaya ko biyu kan bala'i a cikin littafi guda, don haka ba zai riƙe maka mako shida ba. Ta biyun ta fi damuna. Yawancin tambayoyin auna fahimta na cikin littattafan ana iya amsa su ba tare da an fahimci komai ba. Yaro zai duba kalmar da ke cikin tambaya, ya nemo layin da take, ya kwafe layin duka, ya ci maki. Yaranmu gwanaye ne a wannan dabarar, kuma ba laifinsu ba ne, abin da aka saka musu lada a kai ke nan. In za ka yi aiki da littafin, ka ajiye tambayoyinsa a gefe ka fara da naka: me ya fara faruwa, me ya biyo baya, me ya sa mutumin ya yi haka, da kai ne ya za ka yi. Idan kuma littafi biyar ne a ajin mutum saba'in, to allo za ka koma, minti goma sha biyar cikin arba'in sun tafi wajen kwafa.

Rubutun intanet

Nan akwai kaya, har sai ka rasa na ɗauka. Shafin British Council na koyon Turanci yana da sashen yara da na matasa, kuma an jera rubuce-rubucen hawa-hawa bisa wahala. News in Levels yakan kawo labari ɗaya a matakai uku, abin da ke da amfani ƙwarai ga ajin da ya haɗa mai gudu da mai rarrafe: labari guda, takarda kala biyu, a tattauna tare. African Storybook kuma, wanda wata cibiya ta Afirka ta Kudu mai suna Saide ta kafa, kyauta ne, an yarda ka buga ka raba, kuma akwai labarai da Hausa a ciki.

Irin wannan rubutun ne zai kai yaro inda bai taɓa zuwa ba. Igiyar ruwan tsunami ta ranar 26 ga Disamba 2004 a Tekun Indiya ta hallaka mutum sama da 200,000. Girgizar ƙasar da ta auka wa Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairu 2023 ta kashe fiye da 50,000. Kusa da gida ma akwai abin mamaki: a watan Agusta 1986 Tafkin Nyos na Kamaru ya fitar da iskar da ta shaƙe mutum wajen 1,700 da dabbobinsu cikin dare. Ban san ajin da zai ji wannan ya yi hamma ba. Nisan labarin ma wata rahama ce, domin yarinyar da ruwa ya rushe ɗakinsu a makon jiya za ta iya karanta girgizar ƙasa hankalinta kwance.

Amma kalmar "kyauta" a nan yaudara ce. Yara 70, shafi biyu kowane darasi, darasi shida, shafi 840 ke nan. Ka ninka da abin da mai shagon kwafi na garinku ke karɓa, ka ƙara data, ka ƙara kuɗin mashin in sai ka shiga Birnin Kebbi ko Gusau kafin ka samu injin da tawadarsa ke fita. Ana iya rage shi da kashi biyu cikin uku idan yara uku suka haɗu a takarda ɗaya, kuma aka hana rubutu a kanta. A ƙarshen darasi ka karɓe, ka zuba a leda mai kauri, ka ɗora can saman kabad. Takardar da ta bi yaro gida, washegari ƙosai za ka gani a cikinta.

Wajen kalmomi kuma a yi hattara. Abin da Bature ya kira matakin farko an auna shi ne da yaron da ke jin Turanci a talabijin da waya kullum. Sau da yawa ya fi ƙarfin aji ɗaya na ƙaramar sakandare a makarantar gwamnati. A gwada da yatsu tukuna kafin a biya kuɗin kwafi. Sannan a tsaya ga shafukan da aka san masu su. Rubutun da ke yawo a WhatsApp, wanda ba a san wanda ya rubuta shi ba, an sha ganin alƙalumansa na bogi ne, hotonsa kuma na wata ƙasa ne a wata shekara.

Bidiyon waya ban sa shi cikin lissafi ba. Yana jan hankali na minti uku, amma mutum saba'in a kan allon waya ɗaya turereniya ce, kuma kallo daban, karatu daban.

Jarida da sanarwar hukumomi

Wannan ita ce hanyar da aka fi rainawa, ga ta kuwa da albarka. Rahoton jarida yana da gini guda da ba ya canzawa: sakin layi na farko yana ɗauke da me ya faru, a ina, yaushe, mutum nawa. Babu abin da ya fi shi kyau wajen koya wa yaro zaro bayani da sauri ba tare da ya bi kowace kalma ba. Rubuta tambayoyin nan huɗu a allo, ka ba su minti biyu, ka ce wanda ya riga samowa ya ɗaga hannu. Kanun labarin kuma ka rufe shi, ka ce kowane benci ya ƙirƙiro nasa, sannan a buɗe a ga wanda ya fi kusa. Wannan ya fi tambayar "mene ne jigon wannan labari" sau goma.

Labarai kuwa ba sa yankewa. Ambaliyar 2010 da ta biyo Gulbin Rima daga wajen madatsar Goronyo, ta 2012, ta 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi ana dab da girbi, ta 2022 da ta kashe mutum sama da 600 a faɗin ƙasa ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, ruwan da ya ci Gummi a daminar 2024, ɓallewar madatsar Alau da ta nutsar da Maiduguri a Satumban 2024, sai Mokwa a watan Mayu 2025. Akwai kuma wata dabara mai arha: Daily Trust da Aminiya gida ɗaya ne, kuma babban labari yakan fito a duka biyun. Ka karanta musu na Hausa a bayyane, ka naɗe jaridar, sannan ka ba su na Turanci. Kaya ɗaya ya sauka daga kansu.

Hukumar NIHSA, mai sa ido kan ruwan koguna a Najeriya, takan fitar da hasashen ambaliya na shekara kafin damina ta kankama, tana jero jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Hukumar kula da yanayi ta NiMet kuma takan fitar da hasashen damina a farkon shekara, da lokacin da ake sa ran faɗuwar ruwa da ɗaukewarsa. Yaron da aka ce ya nemo sunan ƙaramar hukumarsu a cikin jeri, Augie ce ko Bagudo ko Dandi, da gaske yake nema, kuma abin da ya gano zai kai wa mahaifinsa.

Wahalar tana wajen harshen. Turancin jarida yana son jimla irin wannan: *Farmlands were submerged and hundreds of residents were displaced.* Ga manyan kalmomi, ga shi ba a faɗi wanda ya yi aikin ba. Ɗan aji uku zai iya da taimako, kuma ya kamata ya saba, don irin wannan jimlar ce ke jiransa a jarrabawa. Ɗan aji ɗaya kuwa sai ka zauna ka sassaƙe rahoton, ka rage tsawon jimloli, ka musanya kalmomi. Aikin dare guda ne a kowane labari. Ka kuma yanke ƙasan rahoton, inda ake jero wanda ya kai ziyarar jaje da wanda ya raba buhunan shinkafa da wanda ake zargi da karkatar da su. Siyasa ce, kuma a ƙaramin gari ba ka san ɗan wa ke zaune a benci na uku ba. Sunayen mamata ma a cire. Takardar jarida ba ta da ƙarko, takan yi ja ta kakkarye, sai an manna ta a kwali. Yawancin malamai yanzu daga waya suke kwafo labarin zuwa allo ko kwali, abin da ya mayar da kuɗin kusan babu.

Ga aji uku akwai wani darasi a nan da babu shi a sauran hanyoyin. Kawo rahoto biyu kan ambaliya ɗaya daga jaridu biyu. Sau da yawa adadin gidajen da aka ce sun rushe ba zai zo ɗaya ba. Tambaye su: wa ya ba wannan jaridar lissafinta, wa ya ba waccan, wace rana aka ƙirga?

Rubutun da aji ya haɗa da kansa

Ga yadda ake yi. Ka buɗe hira da Hausa, minti goma: bara da ruwa ya zo, me aka fara gani? Yara za su yi ta rige-rigen magana. Ka zaɓi abubuwa shida ko takwas, ku juya su Turanci tare, kana tambaya suna kawo kalma, kana gyarawa kana rubutawa a allo. Abin da zai fito ba zai wuce irin wannan ba:

*The rain fell for three days. The river rose in the night. Water entered the farm. Father carried the rice to the road. The family slept in the school. After one week the water went down.*

Jimla shida, kalma talatin da 'yan kai, amma dubi abin da ke ciki. Ga aikatau huɗu na shuɗaɗɗen lokaci da ba sa bin ƙa'ida, *fell*, *rose*, *slept*, *went*, waɗanda a littafi jeri ake ba yaro ya haddace ya manta. Ga kalmomin lokaci da ke riƙe da jerin labari. Kuma babu yaron da zai tambaye ka abin da ake nufi, domin daga bakinsu maganar ta fito. Da yamma ka kwafe shi da alƙalamin maka a kan kwali da manyan haruffa yadda na bayan aji zai gani. Kwali ɗaya da maka ɗaya sun wadatar da mutum saba'in. A lulluɓe shi da farar leda, a kama gefen da salatif, a rataye da ƙusa nesa da bangon da ke tsatsafo, zai kai baɗi har ya wuce.

A mako na biyu a faɗaɗa. Tura su gida su tambayi kaka ko kakanni game da farin 1973 ko na 1984, ko yunwar da tsofaffi ke kira 'Yar Gusau ta shekarun 1940, ko shekarar da jan-baki suka sauka a kan shinkafa. Ɗan Yawuri yana da labarin yadda aka tashi garuruwa lokacin da aka gama madatsar Kainji a 1968, ɗan Talata Mafara yana da na Bakolori. Abin da suka kawo shi ne rubutu na biyu. Na uku ya zama umarni: abin da za a yi idan aka ji sanarwar ruwa na zuwa, a tattara takardun makaranta a leda, a kai awaki tudu, kada a sha ruwan rijiyar da ambaliya ta shiga sai an tafasa. A nan ne wani yaro zai ce, "Malam, ai ƙaddara ce." Ka amsa masa da ƙissar Annabi Yusuf, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da tanadin shekara bakwai, ka ci gaba da darasi.

A ganina wannan ce hanyar da ta fi dacewa a fara da ita a yawancin makarantunmu. Sai dai tana da ramuka uku, kuma duk masu zurfi ne.

Na farko hadda. Yaranmu sun taso da ƙarfin hadda tun daga makarantar allo, baiwa ce, amma a nan takan rufe wa malami ido. Bayan an bi kwalin sau uku da murya ɗaya, ajin duka zai rera shi ko da ka juya kwalin ya kalli bango. Maganinsa almakashi. Rubuta jimlolin a wani kwalin, ka yanka kowace daban, ka cakuɗa, ka ba benci su jera. Ko ka nuna kalma ɗaya daga tsakiya ka ce wance ta karanta. Ko ka canza abu guda a ɓoye, *three days* ta koma *five days*, ka ga wa zai lura. Wanda ya lura shi ne mai karatu.

Na biyu Turancin malamin kansa. Duk kuskuren da ka rubuta a kwali, yara saba'in za su ɗauke shi a matsayin daidai, su kuma yi shekara suna kallonsa. Ba abin kunya ba ne ka miƙa wa abokin aiki ya duba kafin ka sa maka, ko ka tura wa wani tsohon malaminka na Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu ko ta Maru. Haɗe da wannan, rubutun gida ba ya kawo baƙin kalmomi da yawa, tun da daga abin da aka sani aka gina shi. Ajin da ya tsaya a kansa zango guda cur zai ji daɗi, amma ba zai yi nisa ba.

Na uku shi ne mikin. A yankin Ngaski akwai gidajen da har yau ba su warke daga kifewar jirgin ruwan da ya faru kusa da Warra a watan Mayu 2021 ba. A Zamfara kuma, a azuzuwan Gusau da Anka da Tsafe, akwai yaran da ba ruwa ne ya koro su daga ƙauye ba, kuma labarin tashi cikin dare da kaya a ka zai kai su wani wuri da ba ka nufa ba. Don haka kada ka nuna yaro ka ce ya ba da labarin gidansu. Wanda ya ɗaga hannu shi kaɗai. A rubuta labarin a kan wani iyali da aji ya ƙirƙira, a bar mutuwa a waje, a ƙare da yadda aka tsira. In ka ga wata ta sunkuyar da kai ta yi tsit, ka aike ta ɗauko alli a ofis, ka neme ta bayan an tashi.

| Ma'auni | Littafin aji | Rubutun intanet | Jarida da sanarwa | Rubutun aji |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | Babu, in akwai littafin | Mafi tsada: kwafi da data | Kaɗan | Kwali da maka |
| Ƙarko | Shekaru | Zango ɗaya, sai an adana | Rauni, sai an manna a kwali | Shekara ko fiye, in an sa leda |
| Aikin malami | Kaɗan | Nema da tacewa | Sassaƙe harshe kowane labari | Mai yawa a farko |
| Nauyin kalmomi | Matsakaici zuwa sama | Ana iya zaɓa | Mai nauyi | Mara nauyi |
| Sanin al'amarin | Ya danganta | Kaɗan | Sosai | Sosai |
| Kama da jarrabawa | Sosai | Matsakaici | Sosai | Kaɗan |
| Babban haɗari | Kwafe layi | Labarin bogi | Siyasa, sunayen mamata | Hadda, kuskuren malami, fama miki |

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Malamin aji biyar ko shida na firamare, ko aji ɗaya na ƙaramar sakandare a ƙauyen da ba wuta ba shagon kwafi, ya ɗauki rubutun aji, ya riƙe almakashinsa. Mako uku a kai sun isa. A mako na huɗu ya kawo sassaƙaƙƙen rahoton jarida kan wannan ambaliyar dai, don yara su ga abin da suka rubuta da kansu a bakin wani.

Mai aji uku, wanda BECE ke gabansa, ba shi da lokacin rarrafe. Jarida da littafin aji ne nasa. Rubutun aji ya tsaya a darasi ɗaya na buɗe fage, sauran lokacin a kashe shi a kan zaro bayani cikin minti biyu, gano dalili da sakamako, da jimlolin da ba a ambaci mai aiki ba.

Makarantar kuɗi a Birnin Kebbi ko Gusau, inda akwai injin kwafi a ofis kuma iyaye na biyan kuɗin kayan aiki, ta fi kowa cin moriyar intanet, musamman labari ɗaya mai matakai uku. Ko a nan ma zan so a soma da Gulbin Rima kafin a tsallaka Tekun Indiya.

Sabon malami, ko mai yi wa ƙasa hidima da bai ji Hausa sosai ba, ko wanda ya san Turancinsa na rubutu yana rawa, ya kama littafin aji da rubutun shafukan da aka tace, ya sa ƙarfinsa wajen ƙirƙirar tambayoyi masu sa tunani. Rubutun aji ya bari sai ya samu wanda zai riƙa duba masa.

Idan kuwa garinku ne ruwa ya ci a bana, har wasu azuzuwan makarantar suka zama masaukin waɗanda gidajensu suka zube, to ka juya tsarin. A zangon farko a karanta Tafkin Nyos da girgizar ƙasa da umarnin tsabtace ruwan sha. Labarin gida a ajiye shi sai zango na biyu, cikin hunturu, bayan ruwa ya janye an fara dashen shinkafar rani.